Hoton Damina da Labarin Maigadi

Hutun malamin makaranta a ƙasar Adar hutu ne na suna kawai. Ana rufe lakwal a wajen ƙarshen Yuni, a sake buɗe ta cikin Oktoba, kuma watannin da ke tsakani su ne damina ɗungurungum: shuka, noman fari, maimai, sa'an nan zaman jiran gero ya nuna. Malamin da ya ajiye alli, hauya yake ɗauka. Malama kuwa takan koma ga turmi da guga da kai fura gona, kamar kowace mace ta garin. Idan aka koma aji, darasin farko na rubutun Faransanci yakan nemi yaro ya ba da labarin inda ya yi hutunsa, yaran kuma su cika takardu da amsa guda, wato gona.

Wata malama da ke koyar da ƴan aji uku a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Babankatami, cikin gundumar Buza ta jihar Tawa, ba ta taɓa jin nauyin wannan tambaya ba sai da aka yi mata ita a cikin waya. A shekarar 2022 ne wata ƴar'uwarta da ke aure a Maraɗi ta shigar da ita wani zauren WhatsApp na mata masu karatun littattafan Hausa. Mafi yawan ƴan zauren mutanen Kano ne da Kaduna da Sakkwato. Akwai wata ma'aikaciyar jinya a Gusau, da wata ƴar zangon Kumasi, da wata Hajiya da ta daɗe a Jidda tana sana'ar abinci. Kusan babu wadda ta taɓa ganin wata ido da ido, amma suna tambayar lafiyar ƴaƴan juna da sunayensu, suna yi wa juna barka da ta'aziyya, har sukan haɗa gudummawa idan biki ya taso. Ita malamar, kafin ta shiga hira, sai ta kai wayarta caji wurin mai shagon da ke da farantin hasken rana, sa'an nan ta hau tudun bayan gari inda rezo yake ɗan tsayawa. Saƙonnin kwana biyu su zubo lokaci guda, ta sauko da su, ta karanta da dare a kan tabarma.

Babbar Salla ta faɗo cikin Yuli a wannan shekara, zauren ya cika da hotuna: ga dawaki cikin ado, ga yara da sababbin kaya a gidan namun daji na Kano, ga Hajiyar Jidda a farfajiyar Harami. Sai wata yarinya ta rubuto: "Anti Malama, ke ina kika je hutu? Ba mu ga naki ba." Malama ta yi kamar saƙon bai iso ba. Sai cikin Agusta, wata rana da la'asar tana dawowa daga gona, ta ɗauki hoton da ta aika: gero ya fi mutum tsawo, hadari ya haɗu baƙi ƙirin daga gabas, ƴarta ƙarama tana tsaye da ƙwarya a ka. Kafin gari ya waye amsoshi sun fi hamsin. Abin da ya fi yawa a cikinsu mamaki ne: ashe akwai kore haka a Nijar? Da dama daga cikin ƙawayen nata, duk da cewa tafiyar yini guda ce ta raba su da Adar, rairayi da raƙuma kawai suke hangowa idan an ambaci ƙasar.

Daga nan ta samu abin nunawa. Da ta je cin kasuwar Madawa, ta ɗauko musu tarin tabarmin kaba da garin ya yi suna da su. Da motar ta ratsa kwarin Majiya, ta ɗauki dogayen layukan dogon yaro da suka yanka gonaki, ta kuma yi musu bayanin cewa ba tsirowa suka yi da kansu ba: tun 1975 aka fara dasa su layi biyu-biyu, da hannun ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE da manoman kwarin, domin su karya ƙarfin iskar da ke kwashe ƙasa. Wani biki ya kai ta Keita, ta aiko da hotunan tuddai masu jerin duwatsu da ramukan tare ruwa, aikin da aka fara a 1984 da kuɗin ƙasar Italiya da taimakon hukumar FAO, wanda mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsunsa a ka, ana biyansu da abinci, alhali mazan suna ci-rani. Ƴan zauren suka raɗa mata suna "Sarauniyar Damina".

Hausawa sun ce gani ya kori ji, sai dai akwai ganin da yake buƙatar ji ya biyo bayansa. Watan da Adar ta fi kyau a hoto shi ne watan da ta fi wuya a ciki. A Agusta rumbu ya ƙare ko ya kusa, sabon gero bai nuna ba, tiyar hatsi ta kai ƙololuwar tsadarta, sauro ya yi yawa, zazzaɓi yana bin yara gida-gida. Wanda ya ga yunwar 2005 da ta 2010 a wannan yanki ya san cewa cikin koren nan ne mata suka riƙa tsinkar tafasa da jiƙa anza. Malama ba ta yi ƙarya a hoto ko ɗaya ba, amma ta sani sarai cewa tana juya wayar ne ta yadda rumbun da ya faɗi ba zai shiga ba. Su ma ƙawayen haka suke yi. Babu mai ɗaukar hoton bashin da aka ci aka ɗinka kayan Salla. Ladabin hoton hutu ke nan a ko'ina, kuma babu laifi a cikinsa, illa dai ya bar ta da wani abu da ba ta faɗa ba.

Kafin a je ga yadda ta faɗe shi, ya kamata mai karatu ya san inda ta koyi karatun Hausa, domin ba a aji ba ne. Tun daga ajin farko har makarantar horon malamai ta Tawa, da Faransanci aka koyar da ita. Hausar boko ta same ta ne a kwalejin Madawa, daga littattafan soyayya na Kano da ƴan kasuwa ke shigowa da su ta Ƙwanni da Maraɗi, ana ba da hayarsu, ƴanmata suna ɓoye su cikin kaye. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, da littattafan Bilkisu Funtuwa, su ne malamanta na baƙi da wasali. A can Najeriya malaman jami'a sun shafe shekaru suna jayayya a jaridu kan ko wannan "adabin kasuwar Kano" adabi ne, har a 2007 aka tara wasu littattafan aka cinna musu wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya. A nan kuwa littattafan sun yi wani aiki da ba a lissafa musu ba: sun koya wa ɗimbin ƴan lakwal cewa harshen da suke yi a gida ana iya rubuta shi, har a yi kuka a kansa.

Da waya ta yawaita, sai littafin ya bar takarda. Marubuciya takan saki shafi ɗaya ko biyu kowace rana a zaurukan WhatsApp ko a Wattpad, ta nemi sharhi, ta yi barazanar dakatawa idan sharhin ya yi ƙaranci. Farkon littafi kyauta ne. Wanda ke son ci gaba ya biya, kuma sau da yawa akan ware lamba ta musamman domin ƴan Nijar masu biya da sefa. Mai karatu a wannan tsari ba ya zama shiru. Yana zagin mugu, yana roƙon kada a kashe jaruma, yana hasashen abin da zai faru gobe, marubuciya kuma tana ji, wani lokaci ta karkata alƙalami. Tsakanin mai cewa "da ni ce da na sa ta ƙi auren" da mai zama ta rubuta yadda aka ƙi auren, taki ɗaya ne. Turawa suna da suna na musamman ga irin wannan rubutu da masoyin labari ke yi da mutanen labarin wani. A Hausa ana iya kiransa ɗori, tunda ɗorawa ake yi a kan ginin da aka tarar.

Littafin da zauren ke bi a daminar 2023 labarin ƴar wani attajiri ne a unguwar Nasarawa ta Kano, da samari biyu da ke nemanta. A gidan akwai maigadi. Aikinsa a cikin littafin ɗaya ne: a yi ham, ya taso da gudu ya wangale ƙofa. Ba a ba shi suna ba, "Ɗan Nijar" ake ce masa, kuma duk sa'ad da ya buɗe baki an shirya ne a yi dariyar Hausarsa. A wani shafi ya durƙusa gaban uwar gidan yana neman izinin kwana goma, domin an aiko masa ɗiyarsa ba ta da lafiya. Aka kwaikwayi maganarsa, aka ba shi izini, labari ya wuce zuwa zaɓen kayan lefe. Bayan shafi goma sha wani abu sai ga shi ya sake wangale ƙofa. Babu wanda ya tambaye shi mai jiki, a cikin littafin ko a cikin zauren.

Malama ta san maigadin nan. Ƙanen mijinta ne, uban ɗalibanta ne, rabin mazan ƙauyen ne, waɗanda da an ɗaure gero suke watsewa zuwa Kano da Legas da Abijan da Libiya, su bar gari ga mata da tsofaffi. Ta ɗauko ragowar wani kaye na shirin darasi, ta rubuta kwana goman da littafin ya tsallake, sa'an nan ta kwafe su cikin waya da ɗan yatsa, shafi-shafi.

Ta bi shi daga tasha a Kano zuwa Katsina da Jibiya. A lokacin iyaka a rufe take, tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da takunkumin da ya biyo baya, don haka ta ɗora shi a kan kabu-kabu ta hanyar daji, ta sauke shi a Maraɗi. Can ta tsayar da shi gaban ɗan canji, kuma wannan shafi ne ya fi taɓa masu karatu: naira ta faɗi warwas tun watan Yuni, mutumin yana kallon albashin wata shida, dami guda a aljihu, ya koma ƴan takardun sefa da ba su cika tafin hannu ba. Daga Maraɗi zuwa Madawa, daga Madawa zuwa Buza, sauran tafiyar a ƙafa cikin dare, yana jin kukan kwaɗi. Ta ba shi suna, ta ba matarsa suna, ta faɗi akuyar da aka sayar, da amalanken da ya kai yarinyar gidan likita, da geron da aka karɓi kuɗinsa tun yana tsaye a gona. Duk abin da ta juya waya ta kauce masa a bara, ta shigar da shi a nan. Gonar da ke cikin labarin ita ce ta cikin hoton, har wasu suka koma suka nemo hoton suna sake dubansa.

Zauren ya ɗauka. Ma'aikaciyar jinya ta Gusau ta gyara mata bayanin ƙarin jini. Ƴar Kumasi ta ce kakanta ma daga Adar ya sauka zango, kuma sai yanzu ta gane abin da ya baro. Aka shiga roƙo kada ta kashe yarinyar, ta kuwa bar ta da rai, amma ba ta mayar da akuyar ba.

Saɓani na farko a kan harshe ya taso. Wata ɗaliba mai karatun Hausa a jami'a ta rubuto cikin ladabi: "Anti Malama, labarin ya yi daɗi matuƙa, amma ki bari in riƙa gyara miki Hausar kafin ki saki." Abubuwa biyu ne yarinyar ta haɗa wuri guda. Na ɗaya rubutu ne: malama, da hannun da ya saba da Faransanci, takan rubuta "tchikin guida" a maimakon "cikin gida", ta sa "ou" inda ake sa "u", ba ta bambanta "k" da "ƙ". Na biyu kuwa baki ne: mutanen labarinta suna cewa "munka tahi", da "wagga ɗiya", da "mi kaka so", kamar yadda ake faɗi daga Tawa har Sakkwato. Amsar da ta bayar gajera ce: "Ƙanwata, gyara mini baƙaƙen, amma ki bar ma mutane bakinsu." Gaskiya tana wurinta. A littafin asali, Adaranci abin dariya ne a bakin mutum guda. A nata, shi ne harshen da ake addu'a da shi, ake ciniki, ake lallashin mara lafiya. Da an mayar da shi Kananci, da maigadin ya sake rasa sunansa ta wata hanyar.

Gyaran baƙaƙen kuwa ta karɓe shi hannu biyu, kuma a nan akwai abin da ya shafi malamai kai tsaye. Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa, a 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubuta su, a 2025 kuma kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk da wannan jerin shekaru, malamar da gwamnati ta damƙa wa aji ba ta koyi inda ake sa lanƙwasa a kan "ɗ" ba sai a hannun wata ɗaliba da ba ta taɓa gani ba, da tsakar dare, saboda labarin soyayya. Cikin wata biyu rubutunta ya daidaita fiye da yadda taron ƙara wa juna sani na mako guda zai daidaita shi, domin kullum akwai mutum ɗari da ke jiran shafin gobe.

Saɓani na biyu ya fi zafi. Wata ta tura shafukan zuwa wani zaure, daga can suka isa ga marubuciyar littafin, ita kuma ta aiko da saƙo mai kaushi: ba ta yarda a juya mata littafi ba, ba ta yafe wa duk wanda ya taɓa mata mutane ba. Bai kamata a yi saurin ganin baƙinta ba. Matar aure ce da ke rubutu da ɗan yatsa bayan yara sun yi barci, tana sayen data da kuɗinta, kuma ta sha ganin an fitar da littafinta daga zauren masu biya an watsa shi kyauta, ko an karanta shi a YouTube wani yana cin riba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai ɓarawo da mai ɗori ba hanyarsu ɗaya ba. Ɓarawo yana goge sunan mai abu. Mai ɗori kuwa ba shi da abin tsayawa sai sunan mai abu, domin in ba a san littafin farko ba, nasa ya rasa ƙafa. Malaman zaure sun san wannan tun kafin boko. Tahamisi ba wani abu ba ne illa almajiri ya ɗauki baitin wani mai layi biyu, ya ɗora masa uku nasa su zama biyar, a kan ma'auni da amsa-amon mai shi. Ishiriniyar da ake rerawa a Maulidi waƙar Alfazazi ce da tahamisin Ibn Mahib, kuma an saba da su a haɗe har ba kowa ke rarrabe layin wannan da na wancan ba. Tabbat Haƙiƙa ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Nana Asma'u ce ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Babu wanda ya kira su ɓarayi; girmamawa aka ɗauki abin. Abubakar Imam kansa, a Magana Jari Ce, ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai, ya sa musu riga da rawani, ya zaunar da su a fadar sarkin Hausa.

Abin da malamar Babankatami ta yi ya ɗan bambanta da tahamisi, domin akwai ƙorafi a cikin girmamawarta. Ɗan'uwansa na kusa yana cikin adabin da malaman Faransanci suka sani. A littafin L'Étranger na Albert Camus, na 1942, an harbe wani Balarabe a bakin teku ba a ko faɗi sunansa ba. Bayan shekara saba'in da ɗaya, a 2013, Kamel Daoud na Aljeriya ya rubuta littafi sukutum da bakin ƙanen mamacin, ya ce sunansa Musa. Malama ba ta karanta Daoud ba, amma tambayar da ta tayar da su ɗaya ce: mutumin nan da aka wuce ta gabansa, ɗan wane ne?

Hajiyar Jidda ce ta shiga tsakani, da saƙon murya mai tsawon minti tara, ta fara da salati ta ƙare da "ƴaƴana, ku dubi girman Allah ku dubi furfurata". Aka daidaita a kan sharaɗi uku: a rubuta sunan littafin asali da na mai shi a saman kowane shafi, kada a sayar da ko layi ɗaya, kada kuma a taɓa jarumar da samarinta. Sharaɗi na uku bai yi wa malama nauyi ba, don ba ta taɓa sha'awar shiga falon ba.

Marubuciyar dai ba ta huce duka ba. A 1614 wani da ya ɓoye sunansa ya fitar da ci gaban Don Kishot a ƙasar Sifen; Cervantes ya fusata, ya fitar da nasa kashi na biyu a 1615, ya kashe jarumin a ƙarshe don kada wani ya sake tayar da shi. Ita ba ta kai ga kisa ba. Da littafi na biyu ya fara fita a farkon 2024, a shafi na uku Alhaji ya sa an kafa ƙofa mai buɗe kanta da na'ura, aka sallami maigadi da layi ɗaya. Ƴan zauren suka yi ta aiko wa malama da shafin, wasu da alamar dariya, wasu da ta kuka.

A lokacin ana tsakiyar shekarar karatu, tana da yara fiye da sittin a rumfar zana, ba ta da sararin rubutu sai daren Asabar. Ta ɗauki labarin daga inda aka jefar da shi: mutum ya dawo gida cikin rani, lokacin da babu namiji mai ƙarfi a gari, ba aiki, ba guzuri, ana bin sa bashin gero. Ta kai shi Galmi ya yi ƙodagon cirar albasa, ta dawo da shi, ta zaunar da shi a gindin bedi tare da wani da ke ba shi labarin hanyar Agadas da kuɗin motar Libiya. Matarsa tana cikin gida tana jin su ta bayan darni. Shafi na 41 a nan ya tsaya, kuma zauren ya rabu biyu a kan ko ya tafi ko ya zauna har ruwa ya sauka.